Da Koyo Akan Iya

Akwai wani saurayi mutumin Kamba ta ƙasar Dandi, wanda tun tasowarsa bai san wani zane ba sai na zaki da ɗawisu da ake yi wa manyan motocin da ke ratsa garinsu. Da ya zo Zariya koyon zane, sai malaminsa ya ba shi hoton aikin Belaskes na ƙasar Sifen, wanda aka kammala a 1635, inda shugaban mayaƙan Breda ke miƙa wa Janar Sifinola mabuɗin birnin. Ya umurce shi ya kwafe shi da fentin mai.

Aikin ya koya masa haƙuri, domin sai an shimfiɗa shafe marar kauri, an jira kwanaki ya bushe, sannan a ɗora wani. In aka yi garaje, launuka su cakuɗe. Cikin wannan jira ne ya lura da hannun mai nasara a kafaɗar wanda aka ci, yana hana shi durƙusawa. Ashe nan ran zanen yake, ba wajen dogayen māsu ba.

Abokansa suka ce bautar Turawa yake yi, suna kafa hujja da su Uche Okeke, waɗanda suka yi wa irin wannan koyarwa tawaye a Zariya a 1958. Sai dai su ma ba su watsar da fasahar Turai ba, gauraya ta suka yi da ta gida. Almajiri ma da kwaikwayon hannun malaminsa yake farawa. Abin tsoro shi ne ya tsufa bai sami nasa hannun ba.

Yanzu saurayin ya soma zana Kanta a bakin ganuwar Surame.