Ya Ci Gwaji, Na Ce Ya Faɗi

Shekarun baya, lokacin da nake kula da gidan burodin yayana a Kano, na sallami wani matashi da ƙarya. Na ce masa bai ci gwaji ba, alhali ya ci. Dalilina na gaskiya shi ne ya taɓa zaman gidan yari, kuma na kasa buɗe baki in faɗa masa haka.

Kawunsa ne ya kawo shi, wani dattijo da muke sallah a masallaci ɗaya, shi ya kuma tsaya masa. Ƙa'idarmu ita ce sabon ma'aikaci ya yi wata uku na gwaji kafin a tabbatar da shi. Muka fara sa shi wajen kwaɓi da shafa wa gwangwanaye mai. Da na ga ba ya makara, ba shi da yawan surutu, sai na haɗa shi da direban da ke kai wa masu shayi burodi da asuba, ya zama shi ne mai karɓo kuɗi. Duk wanda ya san harkar ya san a nan ake gane mutum. Mai shayi ba ya biya gaba ɗaya. Yau ya ba da rabi, gobe ya ce biyar sun yi kwantai. Yaron nan yakan dawo da kuɗin a jere, 'yan ɗari biyar daban, 'yan ɗari biyu daban, ya ɗaure da roba, ga wani guntun kwali da ya rubuta sunan kowane mai shayi da bashin da ake binsa. Ko sau ɗaya lissafinsa bai saɓa da littafina ba.

Ana cikin wata na biyu wani dillalinmu ya gan shi, ya ja ni gefe. "Oga, ka san wanda ka ɗora a kan kuɗinka kuwa? Wannan ai ya yi Kurmawa." Satar waya ce, kotu ta ɗaure shi, ya gama wa'adinsa ya fito.

Ban bincika komai ba. Ban kira kawunsa ba, ban sake duba littafin ba, don na san abin da zan gani. Na kira yaron zuwa ofis, na miƙa masa kuɗin watansa, na ce mun duba aikinsa bai kai yadda muke so ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Maigida, a aikin ne na gaza, ko faɗa maka aka yi?" Na ce a aikin ne. Ya ce Allah ya saka da alheri, ya ɗauki silifas ɗinsa a bakin ƙofa ya tafi.

Kawun bai zo faɗa ba. Bayan wata sallar magariba ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, da ka tambaye ni da na gaya maka. Ni na hana shi faɗa sai in an tambaya, don duk inda ya faɗa tun farko, ba a ɗauke shi ba." A nan na ga tarkon da muka kafa wa irinsu. In ya faɗa, ba a ɗaukarsa. In ya yi shiru, ana ɗaukarsa, amma watannin gwajin nan sai ya yi su a tsorace, yana jiran ranar da wani zai gane shi. Kuma babu lokacin da ma'aikaci ya fi rauni kamar lokacin nan.

Wani abokina lauya ya nuna mini girman raunin. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce wanda bai wuce wata uku a aiki ba, sanarwar kwana ɗaya ta isa a rabu da shi. Daga wata uku zuwa shekara biyu mako guda ne, kuma sai mutum ya kai shekara biyar kafin ya cancanci wata guda. Takardar sharuɗɗan aiki ma, sashe na 7 ya bai wa mai gida har wata uku kafin ya bayar, don haka yawancin masu gwaji ko takarda ba su da ita a hannu. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya bai wa hurumin sauraron ƙarar rashin adalci a wurin aiki. To amma mai shafa wa gwangwani mai, wanda ya taɓa shiga hannun hukuma, da wace ƙafa zai koma gaban alƙali? Abokina ya ce da wuya doka ta kama ni. Maganarsa ba ta sanyaya mini rai ba ko kaɗan.

Ba na cewa mai sana'a ya rufe ido. Wanda aka ɗaure kan lalata da yara ba a ba shi gadin makaranta, kuma ina da haƙƙin yin tunani sau biyu a kan wanda ya taɓa sata in har kuɗi zai riƙe. Da na zaunar da shi na ji ta bakinsa, da na mayar da shi wajen kwaɓi na wani lokaci, da babu mai zargina. Ba kuma zan kawo misalin Annabi Yusuf (AS) ba, don shi zaluntarsa aka yi, wannan kuwa ya aikata laifinsa. Sai dai alƙali ya yanke masa adadi, ya biya. Ni na ƙara masa hukunci na biyu, ba shaida, ba kare kai, na kuma shafa wa aikinsa mai kyau baƙin fenti don in ɓoye tsorona.

A 2019 aka sauya wa hukumar gidajen yari suna, ta koma ta gyaran hali, ana koyar da ɗinki da kafinta da walda a ciki. Wa zai ɗauki wanda aka gyara, in duk muna yin abin da na yi? Tsarin mulkin 1999 kansa ya sa iyaka: wanda aka samu da laifin rashin gaskiya, shekara 10 ne aka hana shi takarar shugaban ƙasa, bayan nan ƙofa a buɗe take. Ingila kuwa tun 1974 take da dokar da ke ɗauke wa mutum nauyin bayyana ƙananan laifuffuka bayan wasu shekaru. Ni ko shekara nawa ke nan da fitowar yaron ban tambaya ba.

Daga baya na neme shi ta hannun kawunsa, na same shi yana dako a kasuwar Singa. Na faɗa masa gaskiya, na roƙi gafara, na ce ya dawo. Ya ce ya yafe, amma ba zai iya komawa inda kowa ya riga ya ji labarinsa ba.

Masu shaguna da gidajen burodi da gareji, ina roƙonku, in kuna da irin wannan tambaya ku yi ta tun ranar farko, ku kuma tsaya ku ji amsar. In kun riga kun ɗauki mutum gwaji, ku auna shi da aikin da ya yi muku. In kuma dole sai kun rabu, ku faɗa masa ainihin dalili a gaban idonsa.