Gahawar Dada: Wasiƙa Daga Addis Ababa

Addis Ababa, Habasha

Adda,

 Yaya Dada da ƙafar tata? Yaya su Hamma da yara, da mutanen Mugulbu baki ɗaya? Mu nan lafiya lau, sai dai sanyi. Garin nan a kan tudu yake, ya haura mita 2,300 daga doron teku, don haka hunturun Mubi bai kama ƙafar safiyar nan ba. Alwalar asuba sai da ruwan zafi.

Na ba wani abokin aikin maigidana saƙo, zai sauka Abuja, daga can ya sa a motar Yola, Hamma ya karɓa. Ƙunshi biyu ne na gahawa, da 'yar butar ƙasa baƙa, da ƙananan kofuna shida da na naɗe a cikin zane. Duk na Dada ne. Ke nake rubuta wa domin na san halinta. Za ta yi godiya, ta sa mini albarka, sannan ta ɗaga murfin kwalla ta adana, sai ranar da wani babban baƙo ya zo. Wannan kuwa ba kayan ajiya ba ne, shi ya sa nake so ki san yadda aka yi na zaɓe ta da abin da nake nufi da ita.

Kin fi ni tuna zamanin Baba, Allah ya jiƙansa. Duk lokacin da fataken shanu suka sauko daga Cadi suka sauka a zaurenmu kafin ranar kasuwa, Dada ce ke soya musu gahawa a kasko, ta daka da citta, ta dafa a butar nan tata ta tagulla. A wurinsu ta koya, har ta fi su iyawa. Butar ta salwanta a 2014, sa'ad da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram a ƙarshen Oktoba, kowa ya fita da abin da ke jikinsa. Aka dawo, Baba bai daɗe ba, zaure ya mutu. Kwanakin baya da muka yi waya ta bidiyo, na gan ta a bakin ɗaki da hantsi tana kaɗa gahawar leda a kofin roba, ita kaɗai. Ban ce mata komai ba, amma abin ya tsaya mini a rai.

A nan Habasha ba a shan gahawar gida a kaɗaice. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Kirista ce, tun ban iya gaisuwa da Amharanci ba take ƙwanƙwasa mini ƙofa ta ce in zo a sha buna, wato gahawa. Takan shimfiɗa ɗanyar ciyawa a ƙasa, ta zauna kan 'yar kujera, ta wanke ɗanyen ƙwayar, ta zuba a faffaɗan kaskon ƙarfe bisa garwashi. Tana juyawa ba tsayawa. Da farko ƙwayar kore-kore ce, sai ta yi ruwan ƙasa, sai ki ji tana fashewa ƙas-ƙas, har ta yi baƙi tana sheƙin mai. A nan za ta ɗauko kaskon ta zagaya da shi gaban kowa, kowa ya jawo hayaƙin da tafin hannu ya shaƙa, ya sa albarka. Sannan a daka a ɗan turmi, a zuba a jebena, butar nan mai dogon wuya da na aiko irinta. Gefe guda lubban na ci a kan wuta, ga gugguru a faifai. Sau uku ake zubawa daga gari ɗaya: na farko abol, shi ne mai ƙarfi, na biyu tona, na uku baraka. Tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Zaman kan ci awa ɗaya ko fiye, kuma a cikinsa ake jin wa ba shi da lafiya, 'yar wa za ta yi aure, wa ya yi faɗa da wa har a shiga tsakani. Tsohuwar nan mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Amurka, amma ban taɓa ganin ta wuni ba wanda ya leƙa ta ba. Na sha zama a ɗakinta ina tunanin Dada.

Da na ƙudurta sayen, na fara da Merkato, babbar kasuwarsu. Buhuna ne jibge na ɗanyar gahawa, ana aunawa da kilo. Sai dai maƙwabciyar tawa ta ɗebo a hannu ta nuna mini: ga fasasshe, ga baƙi, ga wanda ƙwaro ya huda. Ashe dokar ƙasar ta daɗe tana ware mafi kyawun gahawa domin fitarwa waje, saboda tana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ƙetare. Habasha ta fi kowace ƙasa a Afirka noman gahawa, kuma kusan rabin abin da take nomawa mutanenta ne ke shanye shi, amma galibin wadda ke kasuwar gida ita ce wadda ba ta kai matakin fita ba. Abin ya ba ni haushi a madadinsu. Su dai matan sun saba, kowace takan zauna ta tsince tata tsaf kafin ta soya.

Na je Tomoca a unguwar Piyasa, tsohon shagon da aka buɗe tun 1953, inda ake sha a tsaye. Gahawarsu mai daɗi ce, baƙa wuluk. Amma a wani ƙaramin shago a Bole na gamu da abin da suke kira gahawa ta musamman, kuma a can na yi sayayyar.

Ba kirari ba ne kawai, akwai ma'auni. Ƙwararrun masu ɗanɗano ne ke ba gahawa maki a kan 100, sai ta kai 80 ake kiranta ta musamman. Yaron shagon ya bar ni na ga yadda ake yi. An jera ƙananan kwanoni, kowanne da garin gahawar wani yanki, an auna daidai wa daida. Ya zuba ruwan zafi, aka jira minti huɗu, garin ya taso ya yi ɓawo a sama. Ya sa cokali ya fasa ɓawon, hancinsa dab da kwanon. Daga nan ya ɗebi kaɗan ya zuƙa da ƙarfi, fuuut, har sai da na firgita, ya juya a baki, ya tofar. Ƙamshi yake nema, da zaƙi, da tsami, da nauyinta a harshe, da abin da ke saura bayan an haɗiye. Kamar dai yadda Dada ke ɓara goro ɗaya ta gaya miki ko daushe ne ko sabon ɗauka. A jikin kowane ƙunshi an rubuta yankin da aka noma, da tsayin ƙasar wurin, da yadda aka shanya, da ranar da aka soya.

Wadda ya fi yabawa ita ce ta Yirgacefe, can kudu a ƙasar Gedeo, inda gonaki ke kusan mita 2,000 a sama. Wankakkiya ce: ana ɓare jan 'ya'yan itacen tun suna ɗanye, a jiƙa ƙwayar, a wanke, sannan a shanya a kan gadajen raga. Na kurɓa. Ƙamshin fure ne da ɗan tsamin lemo, ruwanta sakayau, kusa da shayi. Ita ce mafi maki, ita ce mafi tsada, Turawa da Japanawa ita suke rububi. Ni ma ta burge ni. Amma da na rufe ido na kawo Dada a raina tana kurɓa, na san abin da za ta ce: wannan ai ba ta ji gahawa ba, ko dai ta lalace ne? Kuma da an jefa mata citta, furen nan da aka biya kuɗi dominsa ya tafi.

Sai na ce ya ba ni ta Harar. Ita daga gabas take, kuma ba a wanke ta. Da ɓawonta ake shanya ta a rana na makonni har ta bushe ƙayau, sannan a sussuke, shi ya sa zaƙin ɗan itacen ke ratsa ƙwayar. Tana da nauyi a baki, da ɗanɗanon busassun 'ya'yan itace, kuma tana ɗaukar citta da kanumfari ba tare da ta ɓace ba. Yaron ya ce makinta bai kai na waccan ba. Na ce masa uwata ba maki za ta sha ba. Ƙunshi na biyu na Sidama ne, shi ma shanyar rana, ya fi na Harar taushi, don ranar da take son mai sauƙi.

Ki gaya wa Dada daga inda ta farkon ta fito, za ta ji daɗi. Harar tsohon birnin Musulmi ne mai ganuwa, da masallatai 82 a cikinsa, har UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2006. A tsallaken tekun da ke arewa maso gabas da su, a Yaman, sufaye suka fara shan gahawa tun ƙarni na 15 domin su iya raya dare da zikiri. Abin takaici, manoma da yawa a yankin Harar suna tumɓuke itatuwan gahawa suna dasa cat, ganyen nan da ake taunawa, domin shi ana girbarsa sau da yawa a shekara, kuɗinsa kuma a hannu. Ba na ganin laifinsu ƙwarai. Mai tsinkar jan 'ya'yan nan ɗaya bayan ɗaya, da matan da ke wuni a sunkuye suna tsince ƙwaya, su ne ke samun mafi ƙanƙantar rabo. Sai da gwamnatin Habasha ta yi ja-in-ja da kamfanin Starbucks kafin a 2007 ya amince cewa sunayen Harar da Sidamo da Yirgacefe mallakar ƙasar ne. Tun 2020 kuma ake yin gasar Cup of Excellence a nan, inda ake gwanjon gahawar da ta yi zarra da sunan manominta. Wannan ya sa tsadar ƙunshin da ke ɗauke da sunan yanki ba ta yi mini ciwo ba.

Yanzu ga aikinki. Gahawar soyayyiya ce amma ba a niƙa ba, da gangan na bar ta haka. Garinta yana rasa ƙamshi cikin 'yan kwanaki, ƙwayar kuwa takan kai makonni. A riƙa daka na rana ɗaya kawai, kuma a samo mata ɗan turminta daban, kada a sa a wanda ake dakan yaji ko daddawa, domin gahawa tana kwasar warin duk abin da ta kusanta. Saboda haka ma kada a ajiye ta kusa da turaren wuta ko a inda rana ke bugu. Za ki ga wani ɗan maɓalli mai huda a jikin ledar, ba yagewa ta yi ba, iskar da ƙwayar ke fitarwa ce ke bi ta nan. A buɗe ɗaya, sai ta ƙare a buɗe ɗayar, kuma duka biyun su ƙare kafin zafin bazara ya shigo.

Butar sabuwa ce, a fara tafasa ɗan gari a ciki a zubar, don warin ƙasa ya fita. Sannan a sa ruwa ya yi zafi, a zuba gari kimanin babban cokali ɗaya ga ƙananan kofuna biyu, da 'yar citta. Idan ta taso wuya a sauke, a ɗora a kan ɗan gammon da na haɗo, a karkace, a bar garin ya kwanta. Wajen zubawa a ɗaga hannu sama kaɗan, a bi kofunan a jere a hankali, kada a girgiza. Sauran Dada ta fi mu sani.

Maganar hawan jininta ban manta ba. Wannan irin Arabika ce, sinadarin da ke hana barci a cikinta kusan rabin na Robusta ne, wadda galibi da ita ake yin ta leda. Duk da haka ƙaramin kofi ɗaya ko biyu da hantsi ya isa, ban da bayan la'asar, sukari kuma kaɗan. In za ku koma asibiti ki tambayi likitanta, abin da ya ce shi za a bi.

Babban roƙona shi ne kofunan nan shida. Kada ki bari ta dafa ta sha ita ɗaya. Ki tsayar da rana, ko Juma'a da hantsi, ki aika a kira Goggo da Yapendo da tsohuwar nan ta bayan masallaci da suke zuwa tafsiri tare. Ki ce ni na ce sai sun ɗanɗana sun ba ni labari, kin san ba za su ƙi ba. Ki toya musu gugguru ko ki kawo dabino. Idan aka yi sau biyu sau uku, ƙafarsu za ta saba da gidan, ko gahawar ta ƙare.

In kuma hannunta ya yi marmarin suya irin ta da, ba sai an jira ni ba. Ana noman Arabika a tsaunin Mambila, wajen Gembu, wurin da jiharmu ɗaya da su kafin a raba Gongola a 1991. Hamma yana da mutane a Jalingo, ki sa shi ya tambaya a samo mana ɗanya ko mudu ɗaya ce, ni zan biya. Ina so in ji yadda tamu take idan an tsince ta da kyau an soya ta da kula, in ma kai wa yaron shagon nan ya gwada da cokalinsa.

Mai saƙon zai dawo bayan makonni kaɗan. Don Allah ki haɗo mini daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, a ɗaure sosai. Maƙwabciyata kuma tana son ganin cittarmu, ki sa mata ita ma. Ki gaishe mini da Dada ƙwarai, ki ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. A gaida Hamma da iyalinsa, da Kawu, da yara duka.

Wassalam,
Ƙanwarki