Ƙugiya a Kan Maɓalli

Wani malamin makaranta a Matamaye ya shekara 3 yana rubuta tatsuniyoyin tsofaffi a kwamfutarsa. Da ta fara gazawa, sai aka nuna masa Ubuntu, reshen Linux da kowa ke ɗauka kyauta. Ya kwashe aikinsa a kile, ya girka sabon tsarin gabansa na faɗuwa. Kwamfutar ta farfaɗo, amma duk inda ya nufi "ƙafa" sai "kafa" ta fito. Daga baya ya gano tsarin maɓallan Hausa na Nijeriya, wanda aka gina kan QWERTY, alhali yatsunsa sun saba da AZERTY na Faransanci. Sai ya manna ƴan takardu a kan maɓallan, ya koma ɗan koyo. A ganinsa, gara jinkirin hannu da a gurɓata maganar tsofaffi.