Kafin a Shiga Rairayi

A arewacin Gashuwa, idan aka wuce Yusufari aka nufi wajen Tulo-Tulowa, ba kowace mota ke iya tafiya ba. A zamanin ƙuruciyata, Land Cruiser a-kori-kura ce ke wannan aiki. Ita ke kai gero da sukari da kananzir ƙauyuka, ta dawo da kanwa da awaki, ga fasinjoji tsugune a saman kaya. Kawuna na tuƙa ɗaya, ni kuma da an ba da hutun makaranta nakan bi shi. Aikin da aka fara damƙa mini shi ne makullin tayoyin gaba.

A cibiyar kowace tayar gaba akwai wani ɗan murfi mai mariƙi, an rubuta FREE a gefe ɗaya, LOCK a ɗayan. Kamfanin Aisin na Japan ke ƙera wa Toyota shi. A kan kwalta ana barin sa a buɗe, tayoyin gaba su riƙa juyawa su kaɗai ba tare da sun ja sandunan ciki da farfelar gaba ba. Mai ya ragu ke nan wajen sha, ƙarafa kuma ba sa cinyewa a banza. Wani Ba'amurke, Arthur Warn, ya fito da dabarar a 1948, saboda motocin Jeep da suka rage bayan yaƙin duniya na biyu, waɗanda farar hula suka saya suna hawa titi da su.

Kawu ba ya jiran mota ta kafe. Tun daga nesa yake karanta ƙasa. Idan launinta ya yi haske, ko sawun motocin da suka riga mu ya fara zurfi, sai ya tsaya inda take da tauri.

"Ɗana, sauka ka kulle ƙafafun."

"To, Kawu."

In diro, in murɗa na dama har ya zauna daidai, in zagaya ta gaban inji in murɗa na hagu. Da rani ƙarfen kan yi zafin da sai na naɗe hannu da bakin riga. Da na dawo, tambayarsa ɗaya ce kullum: "Duka biyun?" Yana da dalilin yin ta. Idan gefe ɗaya kawai aka kulle, ƙarfin inji sai ya zurare ta gefen da ke buɗe, tayoyin gaba ba za su ja komai ba. Sai ya tabbatar sannan ya kama ƙaramar giya ya sa taimako. Idan tudun rairayin babba ne mu sassauta wa tayoyi iska, su baje kamar tafin raƙumi.

Abin da na fi kewa shi ne wannan tsayawar. Minti biyu ce ko uku, amma a cikinta direba ke taka ƙasa da ƙafarsa ya ji laushinta, ya taɓa taya, ya leƙa ƙarƙashin mota ko mai na ɗiga, ya ja igiyar kaya. Fasinjoji su miƙe ƙafa, wani dattijo ya nuna inda wata mota ta kwana makon jiya. Sau da yawa a nan ake sake shawarar hanya. Da damina kuwa, wanda ya yi jinkiri sai ya shiga taɓo har gwiwa yana lalubar makulli a ƙarƙashin ruwa, don haka kowa ya koyi kullewa da wuri.

Da mun hau kwalta a dawowa, sai a cire taimako, in sauka in buɗe. Motocin nan ba su da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, saboda haka idan aka yi tafiya da taimako a busasshen titi, ƙarafa kan ɗaure har wani abu ya karye. Ko babu rairayi, Kawu kan kulle lokaci-lokaci ya yi 'yar tafiya don mai ya zagaya ƙarafan gaba.

Yawancin motocin yanzu maɓalli ake dannawa daga ciki. Ban raina sauƙin ba, musamman ga mai ɗauke da marar lafiya cikin dare. Amma na ga irin makullin da ke kama kansa yana saki daidai lokacin da direba ya ja baya don ya fita daga rami, kuma idan waya ko tiyon iska ya lalace a daji, gyaransa sai gari. Na hannu kuwa, bakanike na kwance shi a gindin bishiya, ya wanke da kananzir, ya shafa giris kaɗan, ya mayar. Toyota ta fito da Land Cruiser samfurin 70 a 1984, har yau ba ta daina ƙera ta ba, kuma direbobin hamada daga Yobe har Agadas ita suke nema. Wasunsu idan mota mai makulli na zamani ta shigo hannunsu, kafin tafiyar farko sai sun kai ta gareji an cire shi an ɗaura na hannu.