Littafin bashin Kawu da kwamfutar da ta gaje shi

Kawuna yana da kanti a babbar kasuwar Maraɗi, yana sayar da kayan gyaran babur. Shekara da shekaru dukiyarsa tana cikin wani babban littafi mai baƙin bango: wane ya ɗauki taya biyu, wane ya rage jika goma. Daminar bara rufi ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa littafin, tawada ta narke. Bashin wajen jika 400 ya koma sai wanda ya ji tsoron Allah ya kawo da kansa. Ranar ya kira ni ya ce, "Kai da aka kashe ma kuɗin karatu, wannan kwamfutar taka ba ta riƙe bashi?"

Rubuta manhajar bai ba ni wuya ba. Abin da ya hana ni barci shi ne rumbun bayanai, wato inda za a ajiye sunayen masu bashi da lissafin kaya. Wani abokina a Yamai ya ce in ɗauki MySQL ko PostgreSQL, in ɗora a intanet, haka manyan kamfanoni ke yi. Gaskiyarsa ne, rumbuna ne masu ƙarfi, kuma kyauta ake samun su. Amma kowanensu yana son uwar garke, wata manhaja da za ta zauna a kunne kullum, da mai kula da ita. In a intanet take, ga kuɗin haya duk wata, ga rezo. To rezo in ya ɗauke da rana tsaka, makaniki na tsaye yana jiran bulogi, me Kawu zai ce masa?

Sai na zauna yini guda a kantin ina kallo. Mutum ɗaya ke rubutu, shi ko yaronsa. Kaya ba su kai iri dubu biyu ba. Wuta kuwa, kun san halinta lokacin zafi. Nan na tsaya a kan SQLite, wanda wani Ba'amurke, Richard Hipp, ya fitar a shekarar 2000. Duk rumbun fayil ɗaya ne, ba uwar garke, ba kuɗin lasisi. Yana cikin kowace waya Android, har wadda ke hannunku yanzu. Abin da ya fi burge ni shi ne, in wuta ta tafi ana tsakiyar rubuta ciniki, ko dai cinikin ya shiga duka ko bai shiga ba sam. Ba za a cire taya daga lissafin kaya a bar bashinta ba a rubuta ba.

Na koya wa yaron abu ɗaya: in an rufe manhaja da magariba, ya kwafi fayil ɗin a memori, Kawu ya sa aljihu ya tafi da shi gida. Kawu ya ce wannan bidi'a ce, amma yana yi.

Wata bakwai lafiya lau. Sai Kawu ya kama rumfar da ke kusa, ya sa ɗansa, aka sayo kwamfuta ta biyu. Don gaggawa na haɗa su biyun su riƙa buɗe fayil guda ta wifi. Masu SQLite da kansu sun yi gargaɗi a kan haka, na karanta, na ce ai rumfa biyu ce kawai. Wata Litinin da hantsi fayil ya ƙi buɗewa. Wallahi gumi ya karyo mani. Kawu bai yi faɗa ba, ya laluba aljihu ya miƙo memorin ya ce, "Ga bidi'arka." Cinikin safiyar nan kaɗai muka rasa, shi ma muka maido shi daga bakin yaran.

Yanzu ina mayar da rumbun kan PostgreSQL, a kwamfuta ɗaya cikin kantin da batirinta, ta biyun tana tambayar ta. Abokina na Yamai yana ta dariya wai da ma ya faɗa. Kawu kuma ya sayo sabon littafi mai baƙin bango, ya naɗe shi cikin leda, duk bashin da ya wuce jika 50 sai ya rubuta da hannunsa.