Dutsen da Ya Ɗauki Sunan Bauchi

Mu mutanen Ungogo a cikin gona muka buɗi ido. Gonakinmu a manne suke da juna, gero da dawa da gyaɗa, sai kuka da ɗorawa jefi-jefi. In ka cire duwatsun Fanisau, sai ka yi doguwar tafiya ba ka ga abin da ya tare maka ido ba. Shi ya sa da ɗaurin auren wani ɗan'uwa ya kai ni Bauchi bayan kaka, tun daga Birnin Kudu na kasa ɗauke ido daga tagar mota. Muna dosar Ningi duwatsu suka fara tasowa dama da hagu, wasu kamar ƙwarya a kife, wasu a kan juna sai ka ce da hannu aka jera su.

Bauchi gari ne mai natsuwa da karamci. Na ga fadar da ta samo asali daga Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, na kuma ziyarci kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa na yi masa addu'a. Amma abin da ya fi zauna mini a rai, ɗan ƙanwata ne ya nuna mini shi, wanda ke karatun ilimin duwatsu da ma'adinai a jami'ar da ke ɗauke da sunan marigayin.

Da hantsi ya kai ni bayan gari da 'yar gudumarsa. Muka tsaya gindin wani dutse mai launin ƙasa-ƙasa, irin wanda akuya ke hawa ba mai kula shi. Ya ɓantaro guntu ya miƙo mini.

"Kawu, duba cikinsa."

Sai ga shi kore shar mai duhu, da manyan ƙwayoyi masu ƙyalli kamar an shafa musu mai. Na juya shi a tafin hannu, na ji nauyinsa.

"Wannan dutsen sunan garin nan yake amsawa a littattafan duniya," in ji shi. "Bauchite ake rubuta shi. Ɗan ƙasar nan ne kuma ya raɗa masa."

A inuwar dutsen ya ba ni labarin Farfesa Mosobalaje Oyawoye. An haife shi a Offa ta jihar Kwara ta yanzu a 1927. Ya yi digirin farko a Amurka, sannan ya samu digirin dakta a Jami'ar Durham ta Ingila a 1959, kuma duwatsun kewayen Bauchi ne abin da ya bincika. Kafin shi, wani Bature ɗan Sikotilan, J. D. Falconer, wanda ya zagaya Arewa a kan doki yana binciken ma'adinai, ya ambaci dutsen a littafinsa na 1911, amma ya sa shi cikin jinsin da aka riga aka sani. Oyawoye ya sake duba shi da kyau. Masu wannan ilimi sukan yanko dutse su goge shi har ya fi takarda siranta, haske na ratsa shi, sannan su sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ta haka ya tabbatar da cewa akwai wani ma'adini mai yawan ƙarfe da ake kira fayalait zaune tare da farar ƙanƙarar dutse, alhali dangin wannan ma'adini ba su cika haɗuwa da ita ba. A 1965 ya bayyana dutsen da sabon sunansa a mujallar Nature, ɗaya daga cikin manyan mujallun kimiyya na duniya.

Shekara guda bayan haka ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan, baƙar fatar Afirka na farko da ya kai wannan matsayi a fannin. Ya shugabanci sashen, ya yaye ɗalibai masu yawa, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana duwatsu ta Afirka, daga baya kuma ya shugabanci hukumar jarrabawa ta WAEC. Allah ya yi masa rasuwa a watan Mayun 2023 yana da shekara 95. Allah ya jiƙansa.

Na tambayi yaron me ya sa ƙwayoyin suka yi girma haka. Ya ce narkakken dutse ne da ya huce sannu a hankali can cikin ƙasa, shekaru wajen miliyan 600 da suka wuce, sai ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ke samansa har ya fito fili. Na yi tasbihi ga Mahalicci. Na kuma jinjina wa bawan Allahn da ya taso daga Offa ya sha ranar Bauchi, ya durƙusa gaban abin da kowa ke takawa ya wuce, har ya ɗaga sunan garin da ba nasa ba.

Guntun dutsen nan yana nan a ɗakina a Ungogo. Duk ranar da na bi ta Fanisau yanzu, sai na tsaya na dubi duwatsunmu da sabon ido, na tuna kuma cewa mutanen farko na Dala da narkar da tama aka san su. Iyaye, in yaronku ya ce ilimin duwatsu yake son karantawa, ku sa masa albarka. Da shi ake gane inda za a haƙa rijiyar burtsatse a sami ruwa, da shi ake sanin arzikin da Allah ya ajiye mana a ƙarƙashin gonakinmu.