WA YA TAƁA KWANA A BAKIN TIGA?

Mai karatu, yaushe rabon ka da kwana a fili da gangan? Ba na nufin ranar da zafin bazara ya koro ka tsakar gida, ko daren da mota ta lalace maka a hanya. Ina nufin ka naɗe tabarma ka nufi bakin ruwa don kawai ka huta. Na san amsar. A wajen mu, duk wanda ya bar gadon sa ya tafi daji ya kwana haka siddan, sai dangi su fara tambayar ko lafiyar sa ƙalau.

A Ingila da Amurka kuwa wannan babbar kasuwa ce. Magidanci zai ɗaure tanti a bayan mota, ya kwashi iyali su tafi bakin tafki, su biya kuɗin fili su yi kwana biyu ko uku. Daga baya masu hannu da shuni su ka ce su na son iskar daji amma ba sa son ciwon baya. Sai aka fito masu da tantin alfarma, mai gado da katifa da lantarki da banɗaki, irin waɗanda ke dajin Masai Mara na Kenya. Alhazan mu ma sun ga irin sa a Mina, inda bayan gobarar 1997 aka kafa tantuna marasa cin wuta, masu na'urar sanyaya wuri. Tanti dai sunan sa tanti, amma wani ya fi ɗakin amarya.

Kwanan waje ba baƙon Bahaushe ba ne. Fataken da su ka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a zango su ke sauka, shi ya sa har gobe unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara ake kiran su Zango. Mu a Darki mun saba ganin 'yan kasuwa sun iso tun jajiberin kasuwa, kowa ya kwana jingine da buhunan sa. Mun iya abin sarai. Neman abinci ne kawai ke fitar da mu, shi ya sa ba mu ɗauke shi hutu ba.

Wurin da za a yi hutun kuwa mu na da shi. Ruwan nan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil, wani kason sa daga Tiga ya taso. Gwamnatin Audu Bako ce ta datse Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, aka samu tafki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 178, wanda ke iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Duwatsu sun kewaye shi, a kan ɗaya daga ciki aka gina otal ɗin Rock Castle. Idan ka yi kudu ga dajin Falgore, ga tsaunukan Riruwai a Doguwa. Ga kuma Bagauda, ga Challawa a Ƙaraye da aka kammala a 1992.

Sau ɗaya na kwana a can, shekarar da na gama difloma. Wani kawu na masunci ne, da rani ya kan je Tiga su kafa bukkoki shi da abokan sana'ar sa. Na bi shi cikin hunturu. Shimfiɗar mu buhu da tabarma, filon mu igiyar koma a naɗe. Bayan lisha aka gasa karfasa a kan garwashi, aka barbaɗa mata yaji, aka kawo ƙuli. Da wuta ta mutu sai na ga taurarin da fitilun Kano su ka daɗe da ɓoye mana. Sanyin asuba kuwa, Malam, sai da na ji shi a haƙora. Amma da gari ya fara wayewa, hazo ya kwanta a kan ruwa, kwale-kwale su na fitowa ɗaya bayan ɗaya, na zauna a kan dutse na kasa cewa uffan. Kawu ya dube ni ya ce, "Kai da ka zo kallo ke nan, ɗana. Mu nan ne ofis."

Ni da aiki na kallon fim ne, abin nan ya tsaya mani a rai. Sau nawa mu ka ga Tiga a finafinan mu? Jarumi a kan dutse, jaruma a bakin ruwa, an canza kaya kala uku cikin waƙa ɗaya, kafin magariba an loda kyamara a bas an koma Kano. Mun mayar da tafkin labulen hoto. Har yau ina jiran fim ɗin da zai kwana a wurin, ya nuna mana masunci da asuba, ko dattijon da ruwan dam ya ci gonar uban sa. Haka su ma 'yan yawon Sallah: su zo da azahar, su ɗau hoto, su watsar da ledoji su tafi. Alhali kyawun Tiga daga faɗuwar rana ya ke farawa.

Za ka ce, "To, wa zai kai matar sa da 'ya'yan sa daji a wannan zamani?" Gaskiyar ka. Falgore ya taɓa zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa, har a 2017 rundunar soja ta mayar da shi filin atisaye. Shi kan sa ruwan ba abokin wasa ba ne. Ba mu manta da Nuwamban 2021 ba, lokacin da kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Ɓagwai, fiye da mutum 20 su ka rasu, yawancin su ɗaliban Islamiyya. Allah ya jiƙan su. Ga sauro, ga tsargiya mai kama yaran da ke wanka a ruwan da ba ya gudu.

Shi ya sa na ke tsoron ranar da wani zai ga hoton tantin Kenya a waya, ya ce shi ma sai ya kawo mana. Mun riga mun gwada farawa daga sama. Otal ɗin Bagauda da iyayen mu ke ba mu labari ya koma makarantar horar da lauyoyi, Rock Castle kuma ya yi shekaru ya na fama da rashin kulawa. Gini ba ya riƙe kan sa.

A gani na, daga ƙasa za a fara. A keɓe fili mai shinge kusa da gari, da masu gadi 'yan wurin. A yi banɗaki mai tsafta, da wurin alwala da salla, da ɓangaren iyali daban da na samari. A sa gidan sauro a kowane tanti, kuma kada kowa ya taka kwale-kwale sai da rigar ruwa. Mafi muhimmanci, kuɗin ya shiga aljihun mutanen bakin ruwan: masunci ya tuƙa baƙi, matar sa ta sayar da kifi, Bafillatana ta kawo fura da nono. Wanda ke ci daga wuri shi ne ke tsaron sa. Idan aka kore su don a kafa wa manya tantin alfarma, to an sayi rigima da kuɗi.

Katifa da na'urar sanyi za su zo daga baya idan aka ga ciniki. Kafin nan, 'yan fim ku riga kowa, tunda ku kun san hanya. Ku tafi da bargo, ku nemi izinin mai gari, ku kwana. Allah ya ba mu zaman lafiyar da za mu yi barci a waje da ido biyu a rufe, amin.